Mai Hayaƙi Ko Marar Hayaƙi? Tarihin Jirgin Da Bai Zo Yelwa Ba

Gabatarwa

Mai karatu, a yau zan ɗan ratse daga tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe, in yi magana a kan abin da wani zai iya kira wasan yara. Dalili kuwa shi ne wata tambaya da ɗan ƙanwata ya yi mini ta waya daga Ingila, inda yake karatu. Yaron ya daɗe yana jin ina ba da labarin jirgin ƙasa na da, mai cin kwal, sai ya yi niyyar in zai dawo gida ya riƙo mini tsarabar ɗan ƙaramin jirgi na kwaikwayo, irin wanda Turawa ke shimfiɗa wa dogo a kan tebur su sa masa lantarki ya yi ta zagaye. Da ya shiga kantin sai ya tarar iri biyu ne.

Ya ce, "Kawu, mai hayaƙi za a saya ko marar hayaƙi? Mai hayaƙin ya fi tsada, kuma mai kantin ya ce sai da kulawa."

Na ce ya ba ni kwana biyu in yi tunani. Ya yi dariya ya ce, "Haba Kawu, a kan abin wasa?" Na ce masa i, a kan abin wasa. Bai san tambayar tasa ta tono mini abin da ya fi shekara 50 a binne ba. Domin kuwa ni mutumin Yelwa ne, garin da aka yi zamanin tururi aka gama hayaƙin jirgin ƙasa bai taɓa tashi a samansa ba. Kafin in faɗi amsar da na ba shi, bari mu koma baya mu ga yadda aka yi hakan ta kasance.

Yadda hayaƙi ya kauce wa Yawuri ta ruwa

Yawuri ba lungu ba ce a tarihi. Hanyar fataken goro ta Gwanja ta nan yankin take ƙetare kogin Kwara, kuma Turawan farko da suka zo neman sanin inda kogin ya nufa sai da suka biyo ta ƙasarmu. Mungo Park ya wuce ta Yawuri a cikin kwalekwalensa a farkon 1806, ya je ya halaka a ruwan Busa. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo har fadar Sarkin Yawuri suna cigiyar takardun Park, daga nan suka koma Busa suka bi kogin har teku, suka tabbatar wa Turai inda yake ƙarewa.

Shekara biyu bayan haka, a 1832, Lander ya komo tare da wani ɗan kasuwa mai suna Macgregor Laird, da jiragen ruwa biyu masu tururi. Ɗaya sunansa Quorra, wato Kwara. Ɗayan kuwa, wanda aka ƙera da ƙarfe, suka sa masa Alburkah, wato kalmarmu ce ta albarka suka ara. Ka ga ke nan ɗaya daga cikin hayaƙin inji na farko da ya tashi a kan wannan kogi sunan Hausa gare shi. To amma Alburkah bai wuce Raba ta ƙasar Nufe ba, inda ya kai a 1833. A 1857 wani jirgin mai suna Dayspring, wanda ke ɗauke da Dakta William Baikie da Samuel Ajayi Crowther, ya yi ƙoƙarin matsawa gaba, sai ya daki dutse kusa da Jebba ya fashe.

Abin da ya tsare su a fili yake. Tsakanin Jebba da Busa kogin cike yake da duwatsu da mashigai masu tsananin gudun ruwa, waɗanda sai gwanayen matuƙa kwalekwale ke iya ratsawa. Saboda haka duk tsawon zamanin da jiragen tururi na kamfanonin Turawa ke kai da kawowa tsakanin Lakwaja da Baro da Jebba, mu nan sama kwalekwale da gora da filafili muka sani. Hayaƙin da ke tashi a bakin ruwan Yelwa na bandar kifi ne, kuma har gobe shi ne.

Yadda ya kauce mana ta tudu

Da ruwa ya gagara, sai Turawa suka koma ga dogo. Dogon farko a Arewa ɗan gajere ne, kuma ba shi da nisa ƙwarai da mu. A 1901 Gwamna Lugga ya sa aka shimfiɗa wani siririn layi daga Wushishi zuwa Zungeru, wadda tsofaffi ke kira Dungurum, inda ya kafa hedikwatarsa. Daga baya aka ƙara shi zuwa Barijuko a bakin kogin Kaduna, domin kayan da jiragen ruwa suka kawo su sami isa sabuwar hedikwata. Kan jirgin farko na wannan layi kamfanin Hunslet na birnin Leeds ne ya ƙera shi, kuma daga baya a tashar Minna aka ajiye shi don tarihi.

Babban aikin shi ne na Baro zuwa Kano, mil 356, wanda aka yi a zamanin Gwamna Percy Girouard da wanda ya gaje shi. Dogo ya isa Kano a watan Maris na 1911. Da hannu aka yi wannan aiki, da diga da shebur da kwando, kuma da yawan leburorin ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗebo su daga ƙauyuka, ko suna so ko ba sa so. A daidai wannan lokaci layin Ikko, wanda ya iso Badun a 1901 ya kuma iso Jebba a 1909, ya ƙetaro ya biyo ta Zungeru ya haɗu da na Baro a Minna. Kafin a gama gadar Jebba, a kan jirgin fito ake ɗora taragu a ƙetare da su. Daga nan rassa suka yi ta fita: na Zariya zuwa Jos saboda kuza, na Gusau zuwa Ƙaura Namoda a 1929, na Nguru a 1930.

Mai karatu, in ka dubi taswira za ka ga duk inda dogo ya bi akwai abin da ake son kwasowa zuwa teku, ko gyaɗa, ko auduga, ko kuza, ko fatu. Kifinmu da albasarmu da shinkafarmu cimar gida ce, ba a dakon su a kasuwar Liverpool. Shi ya sa layi ya tsaya a Ƙaura Namoda bai ƙarasa Sakkwato ba, balle ya gangaro Yelwa, ko Shanga, ko Ngaski. Mutumin Yawuri in yana son hawa jirgi sai ya bi ta Kontagora da Tegina ya je Zungeru. Da yawa cikin iyayenmu sun zo duniya sun koma jirgin ƙasa a baki kawai suka ji shi.

Kawuna mai zuba kwal

A gidanmu mutum ɗaya ne ya san jirgi ciki da bai, shi ne wan mahaifiyata. Tun yana saurayi, a shekarun 1950, ya tafi Zungeru cin rani, sai ya faɗa aikin reluwe. Ya fara da goge inji da kwashe toka, sannu a hankali har ya zama mai zuba kwal, wanda ma'aikatan ke kira fayaman. A lokacinsa manyan kawunan jirgin da ake ji da su su ne waɗanda aka fara kawowa daga Ingila a 1948, waɗanda aka raɗa wa kowanne sunan wani kogi na Najeriya. In ya zo hutu Yelwa, mu yara ba ma barin gindinsa. Hannuwansa duk tabon ƙuna ne, rigunansa na aiki kuwa cike da 'yan hujoji inda tartsatsi ya faɗa. Yakan kwaikwayi kukan jirgi da bakinsa, mu kuma mu jeru a bayansa muna riƙe da rigar juna muna taragu.

A wancan zamani kowane yaro maƙerin kansa ne. Da an yi girbi kara ya samu, sai ka ga ana ta ƙera motar kara, a feƙe ɓawon a soka cikin totuwa, a yanko tayu daga tsohon silifa. Masu ƙarin wayo su yi ta langa-langa ko ta gwangwani. Ina aji huɗu na firamare na ce ni na wuce mota, jirgi zan yi. Na dubi hoton da ke cikin littafin makaranta na haɗa kai da taragu uku. Yara suka zo suka duba, wani ya ce ai wannan doguwar mota ce kawai, in jirgi ne ina hayaƙinsa?

Maganar ta ci mini rai. Na samo gwangwanin madara na huda, na ɗaura shi a gaba a matsayin bututu, na cusa tsumma da busasshen kashin jaki, na saci garwashi a murhun mahaifiyata na jefa. Hayaƙi ya turnuƙe. Wallahi ban taɓa jin sarauta irin ta wannan yammaci ba. Ina jan igiya, yaran unguwa kaf suna bina a baya suna ihu, masu motar langa-langa duk sun yar da nasu. Ba mu kai ƙarshen lungu ba iskar hunturu ta kaɗo, gwangwani ya kife, kara ya kama, kafin a ce kwabo wuta ta lashi zanan gidan maƙwabcinmu. Allah Ya taimaka mata suna tsakar gida da ruwa a randa, aka kashe ta zana biyu kawai ta ci. Abin da bayana ya sha a wannan dare ba sai na faɗa ba. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Darasin da na samu a kan toka

Kawu yana gari a lokacin. Washegari ya kira ni, na zo ina rakuɓe-rakuɓe ina tsammanin wani sabon dukan. Sai ya ce in kai shi inda abin ya faru. Ya tsuguna ya dubi ƙonannen gwangwanin, ya ce, "Kai ɗan nan, hayaƙin naka wane launi ne?"

Na ce, "Baƙi ne wuluk, Kawu, har ba a ganin gaba."

Ya girgiza kai ya ce, "Ashe ragon fayaman ne kai. Da a wurinmu ne da tuni direba ya kore ka."

Nan ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da har yau ban manta ba. Ya ce abu biyu ne ke fita ta bututun jirgi. Farin da ake gani yana tashi kamar gajimare tururi ne, wanda ya gama tura ƙafafun jirgi aka sako shi. An shirya injin ta yadda duk sa'ad da tururin ya fita da ƙarfi sai ya zuƙo iska ta cikin wuta, kamar dai yadda zugazugi ke yi wa maƙeri, don haka gwargwadon aikin jirgi gwargwadon rurin wutarsa. A inji mai silinda biyu, duk juyi ɗaya na ƙafa tururi sau huɗu yake fita, shi ne wannan sautin da muke kwaikwaya da baki. Baƙin kuwa kwal ne da bai ƙone ba. In ka ga jirgi na aman baƙin hayaƙi, to mai zuba kwal ya labta da yawa lokaci guda, ko ya toshe wa wuta iska. Gwani kaɗan-kaɗan yake watsawa, ko'ina a cikin murhu, bututunsa kuma sai dai ka ga ɗan toka-toka. Abin da mu yara muka ɗauka shi ne ƙawar jirgi, a wurin masu aikin asara ce da abin kunya.

Shekara ta zagayo ya roƙi mahaifina ya tafi da ni Zungeru a bayan babbar mota. Da asuba, cikin sanyi, ya kai ni tasha. Gani ya kori ji. Tun jirgin bai bayyana ba na ji ƙasa na rawa a tafin ƙafata. Da ya iso, farin tururi ya tokare sama, zafin tukunyarsa ya dake ni a fuska daga inda nake tsaye, warin kwal da mai ya cika mini hanci, wani ɗan ɓurɓushi ya faɗa mini a ido na yini ina hawaye. Na leƙa na ga mutum tsaye gaban wuta da shebur, gumi ya jiƙa shi sharkaf a wannan sanyi. Sau ɗaya ke nan na ga jirgin kwal yana aiki a rayuwata.

Daga ina kwal ɗin yake?

Sai da na girma na karanta tarihi na san abin da ke bayan wannan shebur. A 1909 aka gano kwal a Udi, aka shimfiɗa dogo daga Fatakwal ya isa wurin a 1916, garin Inugu ya tashi a kan haƙar kwal, kuma reluwe ce babbar mai sayensa. Wato hayaƙin da ke tashi a Zungeru da Minna da Kano, daga ramin da wasu bayin Allah ke shiga da rarrafe ya fito. A ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a kan mahaƙa masu yajin aiki a ramin Iva Valley, suka kashe mutum 21. Wannan kisa ya ƙara wa neman 'yancin kai ƙaimi a duk ƙasar. Kafin nan ma, a babban yajin aikin 1945, ma'aikatan reluwe ne a gaba, ƙarƙashin Michael Imoudu.

Daga 1955 aka fara kawo kawunan jirgi masu shan dizal, kwal ya fara rasa kasuwa. Yaƙin basasa ya zo ya tsayar da haƙa a Inugu. Sai kuma kogin nan namu ya ba da tasa gudummawar. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka tare ruwa a 1968, tafki ya cika ya haɗiye tsohuwar Busa da wasu daga cikin duwatsun da suka hana jiragen tururi hawowa, ya haɗiye tsibiran Gungawa da gonakinsu, aka sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni. Lantarkin da ruwan ya bayar ya rage buƙatar ƙona kwal don samun wuta. An yi wa madatsar mashigar jiragen ruwa, amma zirga-zirgar manyan jiragen da aka yi fata ba ta zauna ba. Hanya ta buɗe a lokacin da masu tururin suka riga suka tsufa. A cikin shekarun 1970 jiragen kwal suka yi ta ja da baya har suka ƙare, Kawu ya dawo Yelwa ya kama noman albasa.

Yadda hayaƙi ya shiga jirgin wasa

To su Turawa yaya aka yi nasu jirgin wasan ya sami hayaƙi? Abin mamaki, sun fara ne daga inda na fara. A ƙarni na 19 jiragen wasan da ake ƙerawa a Birmingham na tagulla ne masu tukunyar gaske, ana zuba ruwa a kunna musu wutar sifirit a sake su a tsakar ɗaki. Sukan bar sawun ruwa a ƙasa, in kuma suka yi karo da kujera suka kife, shimfiɗa ta kama. Da aka samu na wani, irin mai zuciyar agogo, sannan na lantarki, sai iyaye suka huta. Kamfanoni irin su Märklin na Jamus da Lionel na Amurka suka yi suna da jiragen da ba wuta a cikinsu, ba kuma hayaƙi.

Sai a 1946 kamfanonin Lionel da American Flyer suka fito da masu hayaƙin kwaikwayo. Lionel wata 'yar ƙwaya ake jefawa a bututu zafi ya narkar da ita, American Flyer kuwa ruwan mai ake ɗigawa. Lura da shekarar, mai karatu. A daidai lokacin ne kamfanonin jiragen Amurka suka duƙufa wajen sauya tururi da dizal, kuma zuwa 1960 manyansu duk sun gama. A Ingila ma an yi bankwana da jiragen tururi na gwamnati a watan Agustan 1968, shekarar da ruwa ya ci Busa. Hayaƙi ya shiga jirgin wasa ne a lokacin da yake fita daga na gaske. Muddin yana ɓata wa mata shanya yana shiga wa fasinja ido, ba wanda ya yi marmarinsa. Da ya tafi aka fara sayen sa a kwalba.

Yadda abin ke aiki ba wuya. A cikin bututu akwai 'yar siririyar waya da lantarki ke zafafawa, da ɗan lagwani. In ka ɗiga man da aka yi don haka, sai ya zama tururi ya fito fari. Wasu an sa musu 'yar fanka ko famfo da ke turo shi daidai da juyin ƙafa. A 'yan shekarun nan wasu kamfanoni, irin su Hornby na Ingila, sun fito da masu amfani da ruwa zalla.

Lissafin riba da hasara

Cikin kwana biyun da na roƙa, na zauna na auna abin kamar mai sayen saniya. Hasarar tana da yawa. Na farko, man da ya tashi sama dole ya sauko, kuma a kan rufin taragu da kan dogo yake sauka. Dogon nan ta cikinsa lantarki ke bi, in ya yi maiƙo ƙura ta manne sai jirgi ya riƙa tsayawa. Wanda ya san ƙurar hunturu a ƙasarmu ya san abin da nake nufi. Na biyu, in man ya ƙare ba ka kashe ba wayar na iya ƙonewa, in kuma ka cika da yawa ya malalo cikin inji. Na uku, ɗigon da ka sa 'yan mintoci yake yi. Na huɗu, a ɗakin da ke rufe warinsa na damun mai ciwon asma. Na biyar, ba a sayar da man a kasuwar Yelwa, kuma na san halinmu, wata rana wani yaro zai ce bari ya gwada kananzir ko man gyaɗa.

Babbar hasarar kuwa ita ce ta kama. Ana iya rage tsawon jirgi sau 76 ko sau 87, kamar yadda ake yi a ma'aunan da suka fi yaɗuwa, a rage ƙusa da taga da fitila duk su fito daidai. Amma iska ba ta raguwa. Hayaƙin babban jirgi da ƙarfi yake fita, ya dunƙule ya yi ta birgima a sama. Na ƙarami siriri yake tashi a hankali, kamar na turaren tsinke. Ba zafi, ba tartsatsi, ba abin da zai faɗa maka a ido, wani ma har ƙamshi ake sa masa. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Da Kawu na raye ya gani, na san dariya zai yi.

Ribar guda ɗaya ce tak, kuma yaron nan na unguwarmu ya faɗe ta tun ina aji huɗu: in jirgi ne ina hayaƙinsa? Jirgin kwal da ke tafiya shiru, bututunsa wayam, ya ɓoye abin da ke tafiyar da shi. Mai kallo zai ɗauka haka nan yake gudu don kansa.

Na kira ɗan ƙanwata na ce ya sayo mai hayaƙin.

Abin da ya biyo baya

Duk abin da mai kantin ya faɗa ya tabbata. Na goge dogo har na gaji, kuma yanzu in zan kunna don kaina, in an kawo wuta, a kashe nake barin hayaƙin. Amma da Babbar Salla jikoki suka taru, na shimfiɗa dogon a kan tabarma a zaure. Da farko na sake shi ba hayaƙi. Suka yi murna, tambayoyinsu kuwa ba su wuce biyu ba: ina batirinsa, kuma zai iya fin haka gudu? Sai na tsayar da shi na ɗiga mai. Da farin zaren nan ya fara tashi zauren ya yi tsit. Wata 'yar jikata mai shekara bakwai ta kwanta rub da ciki ta leƙa cikin ɗakin direba, ta ɗago ta ce, "Kaka, wa ke hura wutar a ciki?"

Na ce, "Zo nan amaryata, zauna in gaya miki."

Ranar har aka kira Magariba ina ba su labarin Kawu da sheburinsa, da leburorin Baro, da mahaƙan Inugu, da Alburkah da ya tsaya a Raba, da dalilin da ya sa garinsu ba shi da tasha. Na kuma gaya musu gaskiya cewa wannan hayaƙin na ƙarya ne, na gasken yana da zafi da dauɗa, kuma gwani ba ya alfahari da shi. Labarin zanan maƙwabci ma sai da suka sa na maimaita sau biyu.

Kammalawa

Amsata ga mai tambaya ita ce, in don ka yi ta kallon jirginka kullum ne, ko don ka adana shi tsaf, bar kuɗinka, hayaƙi wahala zai ƙara maka. In kuwa kana da yaran da kake son su tambaye ka, to ya ci kuɗinsa, da sharaɗin akwai wanda zai zauna kusa ya ba su amsa. In ba mai amsa, turare ne kawai ke tashi.

Wannan sharaɗi shi ke damuna. Yaran yau da ke hawa jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, ba su san an taɓa yin wani aiki wai shi zuba kwal ba. Waɗanda suka yi aikin kuwa saura ƙalilan, duk sun tsufa, suna nan a Minna da Zariya da Kafanchan da Kano, wasu a ƙauyukanmu. Francis Jaekel ya rubuta tarihin reluwen Najeriya a littafi uku, akwai kuma ɗan gidan tarihi a Jaekel House da ke Ebute Metta a Ikko. Abin da ya rage mana shi ne mu ji daga bakin mai shebur, da harshenmu. Duk wanda ke da irin wannan tsoho a gidansu, don Allah ya ɗauki wayarsa ya je ya zauna gabansa ya naɗi maganarsa tun da sauran lokaci. Ni ban yi haka da Kawu ba, abin da na riƙe da ka shi na kawo muku.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace. Wassalam.